BA A CIN IRI: Darasin Da Na Koya Daga Ƙwan Kififiya



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, rubutun yau zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wata fatawa ce na bayar cikin gaggawa, ta hana ni barci, na ga ya kamata in kawo ta nan mu duba tare.

Kwanakin baya na je gida, ƙauyenmu da ke ƙasar Dambatta. Bayan sallar la'asar muna zaune a ƙofar masallaci, sai ga wani matashi cikin ɗalibanmu riƙe da bokiti. A ciki akwai kififiya babba, wato kunkurun ruwa, ga kuma ƙwai farare zagayayyu a leda. Ya ce a bakin rafi ya tarar da ita tana rufe rami a cikin yashi, ya kama ta, ya tone ramin ya kwashe ƙwan tas. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, halal ce ko haram?"

Ban ko numfasa ba na ce masa halal ce, da ita da ƙwanta. Ya yi godiya ya tafi.

A gefena akwai wani dattijo, aminin mahaifina ne Allah Ya jiƙansa, manomi ne da bai wuce Ishiriniya da Ahalari a karatu ba. Sai da mutane suka watse ya matso ya ce, "Ɗana, karatunka daidai ne, ban isa in ja da kai ba. Amma ƙwan nan fa iri ne. Mu a gona, ko yunwa za ta kashe mu, ba ma cin iri."

Na ce, "Baba, ai Allah ne Ya halatta."

Ya ce, "Ai gero ma Allah ne Ya halatta."

Ya ɗauki sandarsa ya yi gaba. Wallahi tun daga ranar maganar nan take bi na.

Bari in fara da cewa amsar da na bayar ba kuskure ba ce a fiƙihu. A mazhabarmu ta Malikiyya dabbar ruwa halal ce, kuma Shaihu Khalil a Mukhtasar ya sanya ko wadda take daɗewa a tudu cikin hukuncin dabbar ruwa, masu sharhi suka ba da misali da kwaɗo da kada da kunkurun ruwa. Hanafawa sun saɓa, su kifi kaɗai suka halatta daga ruwa. Yaron nan Bamalike ne, ya tambayi Bamalike, ya samu amsar Malikiyya. Sai dai ni a kan kififiya ɗaya na amsa, Baba kuma yana magana ne a kan kififiya gaba ɗayanta. Tambaya biyu ce daban, kuma ta biyun ce na tsallake: in abu halal ne, shin an ba mu izinin mu cinye shi har ya ƙare daga doron ƙasa?

Ku lura da wani abu a harshenmu. Kalmar "iri" da ita muke kiran ƙwayar da ake ajiyewa don shuka, da ita kuma muke kiran jinsin halitta. Mu ce irin gero, mu ce irin shanu, mu ce wane ya yi mugun iri. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dambatta, Makoda, Bichi, Kunchi ko Minjibir ya san darajar iri. Da kaka maigida zai zaɓi zangarniya mafi kyau, ya ɗaure ta daban, ya rataye. Cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, yara na kuka, ba wanda ya isa ya taɓa abin da aka ware don baɗi. Mace ta daka iri, magana ce da za ta kai gaban manya. Ba wani malami da ya ce irin gero haram ne. Kowa dai ya san wanda ya ci iri ya ci abincin shekara mai zuwa, ya ci rabon wanda ba a haifa ba.

Wannan hikimar tana cikin Alƙur'ani. A Suratu Yusuf, lokacin da Annabi Yusuf (AS) ya fassara mafarkin sarki, ya ba da shawarar a bar hatsi cikin zangarniyarsa, ya kuma nuna cewa shekarun fari za su cinye abin da aka tara in ban da ɗan kaɗan da za a adana. Malaman tafsiri sun bayyana cewa wannan ɗan kaɗan ɗin na shuka ne. Shekara bakwai ana fari, amma ba a ci iri ba. A Suratu Hud kuma, da Allah Ya tashi hallaka mutanen Annabi Nuhu (AS), Ya umarce shi ya ɗauki namiji da mace daga kowane jinsi cikin jirgi. Ku yi tunani. Allah Mai iko ne Ya sake halittarsu bayan ruwa ya janye, amma Ya ɗora wa Annabi guda, ɗaya daga cikin Ulul Azmi, aikin tsare irin dabbobi da hannunsa.

Da na dawo birni sai na shiga bincike a kan wannan halitta, na ci karo da labarin 'yar uwarta ta teku. Ku ba ni dama in ɗan kai ku nesa da gida, za mu dawo.

Kunkurun teku jinsi bakwai ne a duniya, kuma wasunsu na fitowa yin ƙwai a gaɓar tekun Najeriya, a Legas da kuma wajen Akassa a jihar Bayelsa. Duk rayuwarsa a ruwa yake yi, namiji ma kusan ba ya fitowa tudu. Mace ce take fitowa, da dare, tana jan jiki da ƙyar, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe, ta koma ruwa. Ba ta kwanci kamar kaza, ba ta gadi, ba za ta taɓa ganin 'ya'yanta ba. Zafin yashi ne yake ƙyanƙyashe su cikin kimanin wata biyu, kuma zafin nan ne yake tantance maza ne ko mata: in yashi ya yi zafi sosai mata su yi yawa, in ya yi sanyi maza su yi yawa. Da sun fito sai su nufi inda haske yake, domin a asali sararin teku ya fi tudu haske da dare. In aka gina otel ko aka kunna fitilu a gaɓar, sai su juya wa ruwa baya su nufi titi, su mutu. Masana sun ƙiyasta cewa cikin dubu da ƙyar ɗaya yake kaiwa girma. Wadda ta tsira kuwa, a wasu jinsin sai ta shekara ashirin zuwa talatin kafin ta fara ƙwai, sannan ta ratsa teku ta dawo yankin gaɓar da aka ƙyanƙyashe ta. Subhanallah, wa ya nuna mata hanya?

To ga inda darasin yake. A ƙasar Malesiya akwai jihar Terengganu, jihar Musulmi ce, masu sallah da azumi kamarmu. A wata gaɓa da ake kira Rantau Abang, kunkurun teku mafi girma a duniya, mai bayan fata, yana zuwa yin ƙwai. A 1956 an ƙirga ramukan ƙwai sama da 10,000. Mutane na kwasa suna ci suna kai wa kasuwa, kusan ba sa barin ko ɗaya. Shekara da shekaru ba wanda ya ga illa, don iyayen suna ta dawowa. Abin da ba su lura ba shi ne tsofaffi ne kawai suke dawowa, babu 'yan baya, ga kuma komar masunta tana kashe iyayen a teku. Da tsofaffin suka ƙare sai gaɓa ta yi tsit. A 1995 ramukan ba su kai 40 ba. An hana cin ƙwan wannan jinsi, amma aikin gama ya gama. Sai a 2022 jihar ta hana sayar da ƙwan kowane irin kunkurun teku.

Ba na jin akwai mutum ɗaya a garin da ya tashi da niyyar ƙarar da halittar Allah. Kowa ɗan abin da zai kai gida ya ɗiba. In da za ka tambayi kowannensu, zai ce maka shi nawa ya ci? Amma an wayi gari babu.

A ƙasar Meziko kuma akwai wata gaɓa, Rancho Nuevo. A 1947 an ɗauki hoton bidiyon wani ƙaramin jinsin kunkurun teku, aka ƙiyasta mata wajen 40,000 sun fito a rana ɗaya. Aka yi ta kwasar ƙwai. A 1985 ramuka 702 kacal aka samu a duk shekarar. Su sai aka tsaya da gaske, aka sa gadi a gaɓa, aka gyara komar masu kamun jatan lande yadda kunkuru zai iya fita. A 2012 ramukan sun haura 20,000. Bambancin wuraren nan biyu shi ne ɗaya ya farga da sauran iri a hannu, ɗaya ya farga bayan an daka shi.

Yanzu mu dawo gida. Wani zai ce, Malam, mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, ina ruwanmu? Ai mu ma muna da gaɓarmu. Yashin bakin rafi gaɓa ce, bakin kududdufi gaɓa ce, gefen dam ɗin Tomas da na Watari da na Wasai duk gaɓa ce.

Ƙasarmu ta arewacin Kano ƙasa ce mai cunkoso. Tun a shekarun 1960 wani Bature mai bincike, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya nuna yadda ake noma kusan kowace gona kowace shekara babu hutu, amma ƙasa ba ta mutu ba, saboda taki da kiwo da itatuwan da ake bari a gona. Abin alfahari ne wannan. Iyayenmu sun san yadda ake cin ƙasa ba tare da an kashe ta ba. Suna barin gawo da kuka da ɗorawa a tsakiyar gona, suna kai taki a kan jaki. Sai dai a irin wannan ƙasa da gona ke manne da gona, namun daji ba su da mafaka sai ɗan abin da ya rage: bakin rafi, fadama, kududdufi, burtali, maƙabarta. Yau burtali an nome shi, kududdufi an cike an yanka fuloti, fadama ta zama lambu har bakin ruwa, yashin rafi kuma tifa na kwasa dare da rana ana kai wa birni. Kififiyar da ta fito neman inda za ta binne ƙwanta, ina za ta? In ta samu ɗan wurin da tifa ba ta kai ba, sai ta tarar da ɗalibina da bokiti.

Haka kunkurun tudu, babban nan da muka sani a gidajen sarakuna da attajirai. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, mazauninsa kuma wannan yanki namu na Sahel, daga Senegal har Eritiriya. Yana haƙa rami mai zurfi ya fake daga zafin bazara. A 2021 ƙungiyar IUCN mai bibiyar halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sanya shi cikin waɗanda ke cikin haɗari, saboda ƙunar daji, da yawan kiwo, da kama shi ana sayarwa. Ku tambayi kanku, yaushe rabon da wani cikinku ya gamu da shi a daji, yana tafiyarsa?

In kuna ganin halittar da ta yi yawa ba ta ƙarewa, ku tuna da ungulu. Duk wanda ya kai shekara arba'in ya san yadda take cika mahauta ranar kasuwa, a Dambatta, a Bichi, a ko'ina, har sai an kore ta da sanda. Yau yaro ɗan shekara goma sha biyar a karin magana kawai yake jin sunanta. Guba ta kashe wasu, masu neman kanta da ƙwanta don tsafi da surkulle sun kashe wasu. Tun 2015 irin ungulun da muka saba gani a gari tana cikin jerin halittun da suke dab da ƙarewa. A gaban idonmu aka yi, ba wanda ya yi huɗuba a kai, har da ni.

To me Shari'a ta ce?

Na farko, Allah Ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamarmu. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Annabi da tururuwa ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah Ya yi masa wahayi Yana zarginsa da hallaka al'umma guda mai tasbihi saboda cizon ɗaya. Ashe akwai bambanci a wurin Allah tsakanin kashe ɗaya da shafe al'umma. Duk jinsin da ya ƙare, wani tasbihi ne ya yanke daga ƙasa wanda ba za a sake jinsa ba har tashin ƙiyama.

Na biyu, a Suratul Baƙara, aya ta 205, da Allah Yake siffanta mai ɓarna a bayan ƙasa, abu biyu Ya ambata yana hallakawa: shuka da zuriya. Wato daidai abin da Baba ya haɗa mini a ƙofar masallaci, irin gona da irin dabba.

Na uku, Shari'a ta san darajar ƙwai. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa, ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata. A ruwayar Bukhari cikin Al-Adabul Mufrad ƙwanta ne aka ɗauke. Alhazai kuma sun san wanda ya yi harama ba ya farauta. Imam Malik a Muwaɗɗa ya ga cewa mai harama in ya fasa ƙwan jimina zai biya ushirin kuɗin raƙumin da ake biya a kan uwar, ya kwatanta shi da diyyar ɗan tayi da take ushirin diyyar mahaifiyarsa. Na san wannan hukuncin na harama ne, ban ce ya hau kan ɗalibina ba. Abin da nake so ku gani shi ne limamin mazhabarmu ya kalli ƙwai a matsayin rai mai zuwa.

Na huɗu, kuma a nan ne na samu amsar da ta kwantar mini da hankali. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 790 bayan Hijira, ya yi bayani a Muwafaƙat cewa abu kan zama halal in aka dube shi ɗaya-ɗaya, amma hukuncinsa ya canza in aka dube shi a dunƙule. Mutum ɗaya ya ƙi yin noma, ba laifi. Gari duka su bar noma, sun yi laifi. Ni a fahimtata wannan ma'aunin ya hau kan mas'alarmu. Lokacin da rafi yake cike da kififiya, mutane kaɗan ne, yashi ba iyaka, wanda ya ci ɗaya bai cutar da kowa ba. Yau da ta yi ƙaranci, wurin ƙwanta ya ƙuntata, mu kuma muka ninka, wanda ya kama uwa a bakin raminta ya kwashe ƙwai duka ya sa hannu a ƙarar da ita. Naman bai canza ba, halin da ake ciki ne ya canza, fatawa kuwa tana tafiya da hali.

Na biyar, shugaba yana da ikon taƙaita halal saboda maslaha. Manzon Allah (SAW) ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, aka taƙaita kiwo a ciki, alhali ciyawa halal ce. Mu ma mun gaji irin wannan. A Argungu, wurin da ake kira Matan Fada ba a kamun kifi a cikinsa sai lokacin biki, Sarkin Ruwa na tsare da shi. A ƙauyukanmu shamuwa tana sheƙa a kan itacen tsakar gida, yaro bai isa ya harbe ta ko ya taɓa ƙwanta ba, shi ya sa har yau take zuwa mana da albishirin damina. Najeriya tana da dokar kare halittun da ke cikin haɗari tun 1985, aka yi mata gyara a 2016. Majalisar Malamai ta Indunisiya kuma, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin, ta fitar da fatawa a 2014 tana haramta farauta da fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka ba ni na fara ba.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa, bari in riga ku.

Wani zai ce: Malam, ana sace mutane, buhun masara ya fi ƙarfin talaka, kai kana maganar kunkuru? Ɗan uwa, na ji zafin maganarka, kuma ran ɗan Adam yana gaba da na kowace dabba, babu ja a nan. Wanda yunwa ta kai shi ga halaka, ko mushe an halatta masa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ƙwan kififiya goma sha ba su taɓa fitar da gida daga yunwa ba. Ɗalibina marmari ne ya kai shi, da ɗan abin da mai maganin gargajiya zai ba shi na ƙoƙon bayanta. Sannan hannun da ke kwashe yashi har rafi ya zurma ya ci gonar talaka, da hannun da ke cike kududdufi har ambaliya ta shiga gidaje, shi ne dai hannun da ya hana kififiya wurin ƙwai. Halin guda ne: abin da ba shi da mai shi, nawa ne, in kwashe kafin wani ya riga ni. Da wannan halin ake cin dukiyar gwamnati, da shi ake cin gādon marayu. Wanda ya koyi tsayawa a gaban ramin da ba mai gadi, don Allah kaɗai, ya koyi abin da zai tsare shi a gaban baitulmali.

Wani zai ce: wannan ai aƙidar Turawa ce, su da suka fi tausayin kare a kan mutum. Gaskiya ne akwai masu kukan kunkuru da ba sa kukan yaran da ake kashewa, kuma Allah zai tambaye su. Amma munafuncin wani ba ya sauke mana nauyi. Tun kafin a san su, Annabinmu (SAW) ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Kayanmu ne muka yar, wasu suka tsinta.

Wani kuma zai ce: dabbar Allah ba ta ƙarewa, Shi Ya halitta, Shi zai tsare. To me ya sa kake rataye iri a ɗaka? Me ya sa ba ka cinye ka ce Allah zai tsirar da gero baɗi? Allah Yana tsarewa ta hanyar sababi, kuma a wannan mas'alar mu ne sababin. Ungulu ma ta Allah ce.

Kafin in rufe, akwai laifin da ya kamata in faɗa a kaina, don kada in zama mai wa'azin da ya manta da nasa. Muna yara akwai kunkuru a gidanmu. An huda gefen ƙoƙon bayansa an ɗaura igiya don kada ya haƙa rami ya gudu. Muna hawa bayansa, muna ba shi ɓawon kankana, muna ganin muna sonsa. Wasu ma cewa suke yana tsare gida daga sammu, wanda camfi ne da ba shi da tushe a addini, Allah ne Mai tsarewa. Ya fi shekara ashirin a gidan nan shi kaɗai, bai taɓa ganin ɗan uwansa ba, har ya mutu bai bar baya ba. Ba mu yanka shi ba, ba mu ci namansa ba, amma mun cire shi daga cikin al'ummarsa kamar yadda mai yanka zai cire shi. Sai yanzu da furfura na gane. Allah Ya yafe mana.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In ka ga kififiya ko kunkuru tana haƙa rami, ka wuce, ka kuma hana yara. In ta faɗa komarka ko ƙugiyarka kana neman kifi, ka sake ta, musamman babba, domin babbar ita ce uwa, kuma ta daɗe kafin ta kai haka. Kada ka sayi kunkurun da aka kamo daga daji, ciniki ne yake sa a koma a kamo wani. Masu unguwanni da dagatai da hakimai, ku keɓe wani yanki na bakin rafi da kududdufi ya zama hurumi, ba tifa, ba garma. Masu tifa, sana'arku halal ce, amma ku bar wa rafi gefensa. 'Yan uwana malamai kuma, in aka tambaye mu halal ko haram, mu ƙara tambaya ɗaya kafin mu amsa: nawa ya rage?

Washegari da safe na aika aka kira mini ɗalibin nan. Ƙwan an riga an dafa. Uwar tana nan a bokiti, ya yi niyyar kai ta kasuwa. Na ce masa, "Jiya na ba ka rabin amsa, laifina ne, ba naka ba." Na biya shi abin da yake sa ran samu, ya ƙi karɓa sai da na matsa. Muka tafi tare da shi da Baba har bakin rafin. Da ya karkata bokitin, ta ɗan tsaya kamar ba ta yarda ba, sannan ta shige ruwa, ba mu sake ganinta ba. A hayin rafin akwai tifa biyu suna lodi. Ban sani ba ko za ta samu inda za ta yi wani ƙwan, wannan yana hannun Allah da kuma hannun mutanen garinmu. Na dai yi wa dagaci maganar hurumi, ya ce zai tara dattawa.

A hanyar dawowa Baba ya ce da yaron, "Kai ma wata rana za ka kawo jikanka nan. Ka so ya gan ta da idonsa, ko ka so ka ba shi labari?"

Allah Ya sa mu cikin masu gyara a bayan ƙasa, Ya tsare mu daga zama masu ɓarna muna zaton gyara muke. Ya yafe mana abin da muka yi cikin jahilci, Ya jiƙan iyayenmu da suka koya mana ajiye iri, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare ni ne, wanda ya ga gyara cikin malamai ya gyara mini.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.